Korar masu gabatar da ƙara: A duba fayil ɗin da ke kan teburinsu

Mutumin Dawce da aka cinye wa gona, ko aka kore masa shanu aka tsallaka iyaka da su, ya san hanyar da zai bi. Zai fara da jandarmomi, daga nan kotun Matameye, idan maganar ta girma a wuce Damagaram. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, tsakanin jandarma da alƙali akwai wani mutum mai ƙarfin gaske, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati. A shari'ar laifi shi ke cewa wannan takarda ta je gaban alƙali, waccan kuma ta kwanta a durowa. A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, shi da alƙali 'yan gida ɗaya ne, sai dai shi yana karɓar umarni daga ministan shari'a. Shi ya sa abin da ya faru a Yamai cikin watan Agustan 2025 ya shafi mutumin Dawce, ko da bai taɓa taka babban birnin ba.

Idan ba a manta ba, ranar 7 ga watan ne ministan cikin gida, Janar Mohamed Toumba, ya rusa ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, ciki har da SAMAN, babbar ƙungiyar alƙalai da masu gabatar da ƙara. Ministan shari'a Alio Daouda ya fito ya ce ƙungiyoyin sun kauce wa aikinsu, sun koma kare buƙatun kansu. Babban sakataren SAMAN, Abdoul-Nasser Bagna Abdourahamane, ya soki matakin, ranar 14 ga wata Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan takardar korarsa daga aiki. Mataimakinsa Moussa Mahamadou ya fitar da sanarwar ƙin amincewa, washegari shi ma aka sallame shi. Lauyoyi kuwa suka ajiye aiki na kwana biyu.

Kukan da gwamnati ke yi da kotuna ba ƙarya ba ne. Talaka ya fi kowa sanin yadda shari'a ke shekara ana ɗage ta, da yadda gidajen kaso suka cika da masu jiran hukunci, da yadda mai kuɗi ke shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Da an kama alƙalin da ya karɓi na goro an gurfanar da shi a bainar jama'a, da har a kasuwar Matameye an yi tafi. To amma waɗanda aka kora su ne waɗanda suka buɗe baki, kuma aka kore su kafin yawun bakinsu ya bushe. Biri fa ya yi kama da mutum.

Kada wani ya ɗauka sojoji ne suka ƙirƙiro wannan. A 2009 Shugaba Tandja Mamadou ya rusa kotun tsarin mulki baki ɗaya saboda ta ƙi amincewa da shirinsa na tazarce. Tsarin mulkin 2010 ma, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shugaban ƙasa ya ɗora a kan majalisar ƙoli ta alƙalai, mai kula da naɗi da sauyin wurin aiki. Wuƙar ta daɗe a hannu, masu riƙe ta ne ke canzawa.

Wanda ke son ganin yadda wasan ke tafiya daga farko har ƙarshe, ya bi hanyar Daura ya shiga Kano. Muhuyi Magaji Rimingado ya shugabanci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. A 2019 hukumarsa ta binciki kuɗin masarautar Kano, ta yi zargin ɓarnatar da naira biliyan 3.4, zargin da ɓangaren Sarki Muhammadu Sanusi II ya musanta. Ranar 9 ga Maris ɗin 2020 aka sauke sarkin. A lokacin Muhuyi ɗan lele ne a gidan gwamnati, 'yan adawa kuma na kiransa karen farauta. A Yulin 2021 sai majalisar dokokin jihar ta dakatar da shi, wai don ya ƙi karɓar akantan da aka turo wa hukumarsa. Akanta! Jaridu kuwa sun ruwaito cewa a daidai lokacin yana bin diddigin wasu kwangiloli da ake dangantawa da iyalan gwamna. Da mulki ya koma hannun Abba Kabir Yusuf a 2023, aka mayar da shi kujerarsa, ba a jima ba ya sake buɗe maganar bidiyon dala na 2018, wanda Ganduje ya daɗe yana cewa haɗa shi aka yi. Masu yi masa tofin Allah tsine jiya suka koma yi masa kirari, masu kirarin jiya suka koma zagi. Mutum ɗaya ne, ofis ɗaya ne, teburin ne kawai ya sauya fayil.

Labarin Nuhu Ribadu ya fi nuna inda asarar take. A Disambar 2007 hukumar EFCC ta kama tsohon gwamnan Delta, James Ibori. Kafin watan ya ƙare aka ce Ribadu ya tafi ƙaro ilimi a Kuru. A 2009 wata kotu a Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 da ake yi wa Ibori. A 2012 kotun Landan ta ɗaure shi shekara 13 bayan ya amsa laifi da bakinsa. Gwamnati ba ta taɓa cewa ta cire Ribadu saboda Ibori ba, amma kowa ya ga abin da ya sami shari'ar bayan tafiyarsa.

'Yan'uwa mazauna ƙetare za su ce ai can ma ana yi, kuma gaskiya ne. Ranar 7 ga Disambar 2006 gwamnatin George W. Bush ta sallami manyan masu gabatar da ƙara bakwai a rana ɗaya, ta ce aikinsu ne bai gamsar ba. Ɗaya daga cikinsu, David Iglesias, ya bayyana cewa wani sanata ya kira shi gab da zaɓe yana tambayar yaushe za a tuhumi 'yan wata jam'iyya. Bambancin shi ne majalisa ta kira zaman bin bahasi, aka tilasta fito da wasiƙun cikin gida, ministan shari'a Alberto Gonzales ya yi murabus a 2007. A Amurka an samu wanda zai ce a kawo takardu. A Yamai yau wa zai ce haka, bayan an rusa jam'iyyu, an rusa ƙungiyar da ke magana da yawun alƙalan?

Korar mutum biyu ba ta tsaya a kansu. Matashin mai gabatar da ƙara da aka turo Damagaram yana da iyali, yana da hayar gida, kuma ya ji labari. Ba sai minista ya ɗaga waya ba. Ranar da ƙarar manomin Dawce ta zo gabansa ɗauke da sunan wani mai uwa a gindin murhu, da kansa zai tuna cewa durowa na da fili. Manomin zai yi ta biyan kuɗin mota ana ce masa ya dawo wani mako, har ya gaji ya ce ya bar wa Allah, ko kuma 'ya'yansa su ɗauki sanda, wanda ya fi muni.

Idan gwamnati na da hujja kan Bagna da Moussa Mahamadou da ta wuce maganar da suka yi, ta fito da ita, a ba su damar kare kansu gaban 'yan'uwansu alƙalai. Matasan da ke yaɗa labarin kora a Facebook da WhatsApp, masu murna da masu baƙin ciki, su riƙa ƙara tambaya ɗaya a ƙasan hoton: wace ƙara ce ke hannun mutumin ranar da aka cire shi, wa aka miƙa wa ita, kuma yaushe za a saurare ta?