Kira ga Masu Girma Gwamnonin Arewa kan Zafin Azuzuwan Makarantu

Masu girma Gwamnoni, masu girma Kwamishinonin Ilimi da na Ayyuka: Cikin ladabi muke miƙo wannan koke a madadin yaran da ke karatu a azuzuwan da gwamnatocinku ke ginawa.

Kukanmu na farko kan rufi ne. A watan Afrilu zafi a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, kuma babu sashen gini da ke shan rana kamar kwano. Idan ba sili, kwanon yakan gasu, ya riƙa sauke zafin a kan yara, har kafin azahar aji ya koma tanda. Shi ya sa malami ke kwashe ɗalibansa zuwa gindin darbejiya, sabon gini yana tsaye ba kowa. Muna roƙon a wajabta sili a kowace kwangila, a bar tazara da kafofin iska tsakaninsa da kwano, a kuma zaɓi kwano mai farin launi. Ba sabon abu ba ne: a makarantar firamaren Gando ta Burkina Faso, a 2001, Francis Kéré ya ɗaga kwano sama da rufin bulon ƙasa don iska ta ratsa tsakani, kuma a 2022 ya sami lambar yabo ta Pritzker.

Sai alƙiblar gini. Sau da yawa ana kafa aji tagoginsa na kallon yamma, rana ta yi ta dukansu. A juya dogon bango ya fuskanci kudu da arewa, tagogi su kalli juna, a saki baranda. Juya ginin ba ya cin ko sisi, umarni ne kawai ranar haƙa harsashi.

Ranku ya daɗe, bulon siminti mai rami ba ya daɗewa zafi ya ratsa shi. Bangon tubali mai kauri kuwa yakan riƙe zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun san wannan tun ba a san fanka ba. Yau ana kallon ginin ƙasa a matsayin alamar talauci, alhali a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun kammala masallaci na zamani da matsattsen bulon ƙasa a 2018. Muna roƙon a amince da wannan bulo cikin kayan kwangilar makarantu.

Tun 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi, wadda ta taɓo batun kare rufi daga zafi da girman tagogi. Aiwatar da ita a jihohi yana hannunku. Ku umarci hukumomin tsara birane su sa ta cikin sharuɗɗan amincewa da zanen gini, kuma kada a biya ɗan kwangila kason ƙarshe sai injiniya ya shiga ajin da tsakar rana ya auna zafinsa.