Dokar Tseren Motoci da Jiragen Wara

Daga 2026 hukumar FIA ta sake dokokin tseren motoci na Formula 1, inda kusan rabin ƙarfin injin ke fitowa daga lantarki. Abin lura shi ne, ta saba gyara doka bayan hatsari. Mutuwar Ayrton Senna a 1994 ta sa aka sake ƙirar motocin, a 2018 kuma aka tilasta sanya makarin kan direba.

A Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, mutane da yawa suka halaka. Wajibi ne hukumar NIWA ta ƙayyade lodi, ta riƙa duba injuna, ta tilasta sa rigar ruwa. Ran ɗan kasuwar Wara bai gaza na direban tsere daraja ba.