Mu daina rubuta cewa cuta ta "saba" da magani

Akwai wata jimla da nake yawan cin karo da ita a rubuce-rubucenmu na wayar da kai, har ma a bakin likitocin da muke ƙirƙira a labarai: "zazzaɓin yanzu ya saba da magani." Ni ma na sha rubuta ta. Yanzu ina ganin ya kamata mu bar ta, domin tana koya wa mai karatu abin da ba shi ke faruwa ba.

Sabo abu ne da ke samun mutum ɗaya. Bakano ya je Jos, sanyi ya gallabe shi mako biyu, daga baya jikinsa ya saba. Shi ɗin ne dai. Abin da ke faruwa da ƙwayar maleriya ya fi kama da tankaɗe. A jikin mai zazzaɓi akwai miliyoyin ƙwayoyin cutar, kuma ba duka suke daidai ba, kamar yadda 'ya'yan ciki ɗaya ba sa zama iri ɗaya. Jefi-jefi akan samu wadda ta zo da ɗan bambanci a halittarta, wanda ke hana magani kashe ta da wuri. Ba ganin maganin ta yi ta nemi dabara ba, da abinta ta zo. In an sha magani sai sauran su mutu, ita ta rage a kan rariya. Sauro ya ɗauke ta ya kai wa wani, ta hayayyafa, zuriyarta ta gaji wannan bambancin. A maimaita haka shekara da shekaru a garuruwa da yawa, sai a wayi gari yawancin ƙwayoyin da ke yawo jikokinta ne, alhali babu ko ɗaya da ta koyi wani abu.

Manomi ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Duk kaka yana ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri, a hankali gonarsa ta sauya kama. Da irin wannan misali na masu noma da kiwo Charles Darwin ya buɗe littafinsa na 1859. A wurin maleriya, maganin ne ke yin aikin hannun manomi, sai dai irin da yake warewa ba wanda muke so ba ne.

Waɗanda suka ɗan manyanta za su tuna kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wasu. Ya yi aiki sosai a da. Ƙwayoyin da ba ya kashewa sun fara bayyana a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, suka iso gabashin Afirka wajen 1978, suka bazu har Najeriya ta koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT. Amma labarin Malawi ne ya fi ɗaukar hankalina. A 1993 ƙasar ta daina amfani da kulorokwin a matsayin maganin farko. Bayan shekara goma sha biyu aka sake gwada shi a birnin Bulantaya, sai ga shi yana warkar da kusan duk yaran da aka ba. Da sabo ne, me zai sa cuta ta manta? Bambancin da ke kare ƙwaya daga magani kaya ne mai nauyi, kuma da aka janye maganin sai marasa kayan suka fi yaɗuwa, suka sake cika ƙasa.

Mu ma wannan rariya ta bi ta kanmu. Mai jinin AS yana da kariya daga maleriya mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954. Shi ya sa wannan gado ya yawaita a inda sauro ya yawaita, kuma yaran da aka haifa da amosanin jini su ke biyan farashinsa.

Wani zai ce ai "sabo" ta fi sauƙin fahimta, kowa ya gane nufi. Ban yarda ba. Wanda ya karanta "sabo" yakan ɗauka jikinsa ne ya saba, sai ya koma kemis a ƙara masa wani. Ko ya sha na kwana ɗaya, zazzaɓi ya sauka, ya ajiye ragowar don gaba, bai san masu taurin kan ya bari da rai ba. ACT na kwana uku ne, kuma akwai dalili. Tuni an ga ƙwayoyin da ke jinkirin mutuwa da shi a Kambodiya, daga baya kuma a Ruwanda da Yuganda.