Masu Kwafar Amsar Advent of Code, Kanku Kuke Cuta

Yau ba saitin waya na kawo muku ba, faɗa na zo yi.

Duk Disamba, idan hunturu ya kankama, masu koyon kodin suna shiga wasan wasa ƙwaƙwalwa mai suna Advent of Code, wanda Eric Wastl ya fara a 2015. Kullum tambaya ɗaya ce mai kashi biyu, kowane kashi ka ci a ba ka tauraro. Da kwana 25 ake yi, a 2025 aka mayar da shi 12. Tsofaffin tambayoyin duk suna nan kyauta.

To me nake gani a guruf ɗinmu? Mutum ya kwaso amsar wani daga GitHub, ko ya sa ChatGPT ta rubuta masa, ya ɗora hoton tauraro. Daga nan sai musu: "Python ta fi C, dubi layi ɗaya kawai!" Haba malam! Layin da ba ka san me yake yi ba?

Ɗauki tambayar farko ta 2015. Za a ba ka dogon jerin alamomin baka. Buɗaɗɗiya tana nufin hawa bene ɗaya, rufaffiya sauka ɗaya. A wane hawa za ka tsaya? Mai Python zai ƙirga waɗannan, ya ƙirga waɗancan, ya ɗebe, shi ke nan. Mai C kuwa yakan bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, yana ƙarawa yana ragewa, aikinsa ya yi tsawo. Sai kashi na biyu ya ce: a alama ta nawa ka fara faɗawa ƙarƙashin ƙasa? Nan layi ɗayan nan ya tashi aiki, don jimla kawai ya sani. Mai C sharaɗi guda zai ƙara ya wuce. Wannan darasin ne ke cikin kwatanta amsoshi, kuma wanda bai fara gwadawa da kansa ba wallahi ba zai gan shi ba.

Ni a shagona nan Kademi na san irinku. Akwai mai gyaran da in waya ta ƙi caji sai ya ce a sauya fanel gaba ɗaya, akwai wanda zai ɗauki mita ya bi layin wuta har ya gano inda ya yanke. Ranar da babu fanel a Farm Centre, na farkon sai zare ido. Haka za ka yi ranar da aka ba ka aikin da babu amsarsa a intanet. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kar ka ce min ba ka da laftof. Pydroid 3 tana gudanar da Python a wayar Android, Termux kuma har C za ka yi a ciki. Ni da su nake yi da daddare in na rufe shago.

Ga tsarin: yi naka tukuna, ko da kwana uku zai ɗauke ka. Sannan ka buɗe na mutum biyu a yaruka daban, ka tambayi kanka me suka hango da ya wuce ka. Daga ƙarshe ka rufe nasu, ka sake rubuta naka.

Wanda ya ji haushi, akwatin sharhi na nan. Amma ka zo da kodin ɗin da ka rubuta da hannunka.