Malama Mai Kiɗan Fiyano

'Yan'uwana mata, a wurinmu in an ce yarinya tana son kiɗa, nan da nan sai uwa ta ɗaure fuska, ta ce karatu ya lalace. Ko shantu aka ga 'yar makaranta ta ɗauka, sai a tambaye ta ina littafinta. To, yau ga labarin wata baƙar mace ta Amurka, Kondoliza Rais, wadda ta riƙe ilmi da kiɗa tun tana ƙarama.

An haife ta a shekara ta 1954 a jihar Alabama, zamanin da ba a barin ɗan baƙar fata ya zauna aji ɗaya da ɗan Bature. Uwarta malamar makaranta ce, kakarta kuwa tana koya wa yara fiyano, watau wani babban akwatin kiɗa mai haƙora 88, farare da baƙaƙe, da a ke dannawa da yatsu. Tana da shekara uku aka fara ɗora ta a kansa. Tana da shekara 15 ta yi kiɗa a bainar jama'a tare da manyan makaɗan birnin Denba. Da ta shiga jami'ar wannan birni, kiɗa ta tafi karantawa, don shi ta ke so ya zama sana'arta.

Sai wani hutu ta je makarantar kiɗa ta Asfen. A can ta tarar da yara ƙanana, abin da ta shekara tana fama da shi, su kallo ɗaya su ke yi wa takarda su kaɗa shi. Yarinyar nan ba ta ruɗi kanta ba. Ta ga cewa ta iya, amma ba iyawar da za ta kai ta sahun gaba ba. Nan ne, a ganina, ta yi abin da manya da yawa ba su iya yi: ta auna kanta da mudun gaskiya. Ta koma karatun sha'anin mulkin ƙasashe, ta koyi harshen Rasha, ta sami digirin farko a 1974, na dakta kuma a 1981, shekarar da ta fara koyarwa a Jami'ar Sitanfod.

An ce taura biyu ba ta taunuwa. Haka ne, in an cusa su baki lokaci guda. Ita ɗaya ta sa gaba ta zama abincinta, ɗaya ta ajiye kusa. Shekarun da ta ke neman gindin zama a aikin malanta, fiyano ya ja baya. Amma a 1993, da aka ba ta riƙon kuɗi da tsarin karatun jami'ar duka, aikin da mace ba ta taɓa yi ba a can, sai ta sake neman malamin kiɗa, ta zauna gabansa kamar 'yar aji ɗaya. Ku dubi wannan fa, lokacin da aiki ya fi yawa ne ta koma.

Kada in ɓoye muku, ba ta yi aure ba, ba goyo, ba tukunya mai jiranta, saboda haka sa'o'inta ba irin naku ba ne. Maganar siyasarta da yaƙin Iraƙi kuwa dabam ce, ba nan ne wurinta ba. Abin da na ke so 'yan makaranta su lura da shi, shi ne yanka wa kiɗan lokacinsa da ta yi. Sa'ad da ta ke ministar harkokin waje, daga 2005 zuwa 2009, ran Lahadi bayan mako bibbiyu wasu abokanta huɗu, lauyoyi masu goge irin na Turawa, su kan zo gidanta a Washinton su yi kiɗa tare. Ba kuɗi a ke biyansu ba, ba kuma taro su ke tarawa ba. A watan Disamba na 2008 ta kaɗa fiyano a fadar Landan gaban Sarauniyar Ingila.