Dashen Ƙoda Da Ɗan Hakin Da Aka Raina

A cikin 1954 Likita Joseph Murray ya ɗauki ƙodar wani saurayi ya dasa wa tagwaicinsa a Boston ta ƙasar Amurka, ta kama. A cikin 2002 aka fara wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Yau attajirai kan sai da kadara, ɗan'uwa ya ba da ƙodarsa, a yi aiki a ɗauka an gama. Alhali kuwa da sauran aiki.

Cutar da ta fi kama mai sabuwar ƙoda ita ce ta hanyar fitsari, tun ba a watannin farko ba. Dalili kuwa, jiki ba ya son baƙo, sai an danne garkuwarsa da magani muddin ƙodar tana jikinsa. Ga kuma robar fitsari da a kan sa bayan aiki. Ita ƙodar a mara a ke dasa ta, kusa da mafitsara, watau hanya ta gajarce wa ƙwayar cuta, galibi wadda a ke kira E. coli, mai zama cikin hanji. Mata da masu ciwon sukari sun fi shiga haɗarin.

In cutar ta tsaya a mafitsara, da sauƙi. In ta hau ƙodar tana iya ɓata ta, in ta shiga jini kuwa rai ne a bakinsa. Abin tsoron shi ne, maganin danne garkuwa yakan ɓoye zazzaɓi, mutum na ganin lafiya lau, ɓarna tana ci.

Saboda haka wanda ya ji zafin fitsari, ko ya ga ya ragu, ko jiki ya yi ɗumi, ya nufi asibiti ran nan, a auna fitsarin a san ƙwayar kafin a ba da magani. Sayen kafso a kemis ba awo, shi ke koya wa ƙwayar taurin kai. Kada a bar maganin dashe don an ji sauƙi. Fatake su daina matse fitsari a doguwar tafiya, su sha ruwa gwargwadon da likita ya faɗa.

Malamai kuwa, su jama'a kan fara kai wa kuka. Wajibi ne su faɗa musu wannan ciwo ba abin kunya ba ne, su tura su asibiti tun da wuri. Ƙodar da ɗan'uwa ya bayar amana ce, ba shi kuma da wata da zai sake bayarwa.

Wasalam.