Godiyar da ba ta jira lafawar ƙura ba

Kiristoci ba su da yawa a Wurno, Rabah da Goronyo, amma masifa ba ta tambayar addinin kowa. Ambaliyar Gulbin Rima ta 2010 ta cinye gonaki da gidaje. A 2018 'yan bindiga suka tarwatsa Tabanni, jama'a suka kwarara Gandi, sannan a Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo. To, Kiristan da ya ga wannan duka, ya tashi ran Lahadi yana waƙar yabo don albasarsa ta yi kyau, yaransa sun kwana lafiya, rufe ido yake yi? Wasu haka suke gani. Ni ban yarda ba ko kaɗan. Manzo Bulus yana tsare ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar nan mai cike da murna, bai kuwa ɓoye musu sarƙar da ke jikinsa ba. Bishop Matthew Hassan Kukah, da ke Sakkwato tun 2011, bakin da yake gode wa Allah da shi, da shi yake tuhumar mahukunta kan jinin talakawan karkara, Musulmi da Kirista.